Ƙere-ƙeren Kara a Lokacin Kaka da Harshen Koyar da Lissafi ga Yaran Hausawa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya kasa shekararsa bisa ga abin da sama da ƙasa suke yi: bazara, damina, kaka, sannan rani wanda sanyin hunturu yake buɗewa. Kaka ita ce lokacin da ruwa ya ɗauke, amfanin gona ya nuna, aka shiga girbi da ɗaurin dami da kai hatsi rumbu. A mafi yawan ƙasar Hausa gero ne yake fara isowa tun ruwa bai gama ɗaukewa ba, dawa kuwa sai wajen watan Nuwamba zuwa Disamba ake yanke ta. Abin da yake saura a gona bayan an kwashe zangarniya shi ne kara. Manya suna ɗibarsa domin danga da gado da makamashi da abincin dabbobi. Yara su ma suna da nasu rabon, wanda da shi suke ƙera mota da tabarau da rediyo da kejin tsuntsu da gadon 'yar tsana.

Galibi idan ana lissafa wasannin yaran Hausawa akan ambaci motar kara tare da langa da carabke a wuce, kamar dai abin kashe lokaci ne kafin a kira yaro cin tuwo. Wannan maƙala ta dubi aikin ta wata fuskar. Abin da take son nunawa shi ne, yaron da ya ƙera mota ko keji da kara ya riga ya yi ƙirga da awo da ninkawa da rabawa da hannunsa, kuma ya yi su ne da kalmomin Hausa waɗanda ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Waɗannan kalmomi su ne harsashin da ya dace a ɗora darasin lissafi na farkon firamare a kansa. Sai dai ba dukkansu ne suke shiga aji lafiya ba. Wasu suna sauƙaƙa wa malami aiki, wasu kuwa suna iya ɓad da yaro idan ba a lura ba, kuma tantance su aikin masanin harshe ne kafin ya zama na malamin lissafi.

Dalilin tayar da maganar a yanzu ba ɓoyayye ba ne. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a inda yake zaune, daga baya a koma Ingilishi. Tun kafin nan, a 1970, Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife sun fara gwajin koyar da yara da Yarabanci har tsawon shekara shida ta firamare, lissafi na ciki, Ingilishi kuwa yana matsayin darasi guda. Sakamakon da suka bayar ya nuna yaran ba su yi asara ba, a fannoni da dama ma sun zarce takwarorinsu. A watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a dukkan shekarun firamare shida, sai kuma a Nuwamban 2025 ministan ilmi ya ba da sanarwar janye wannan manufa da mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe. Ko wace manufa ce take ci a Abuja, yaron da ya shiga aji ɗaya a Ɗambatta ko Talatar Mafara da Hausa yake tunanin adadi, malaminsa kuma Hausa yake komawa duk sa'ad da ya ga ba a gane ba. Ashe ke nan tambayar wace irin Hausa malamin zai yi amfani da ita tana nan daram.

2.0 Kara da yadda ake sarrafa shi

Karan dawa yara suka fi so, domin ya fi na gero kauri da yawan totuwa. Sassa uku ne suke da muhimmanci a gare su. Akwai ɓawo, wato fatar nan mai santsi da tauri ta waje. Akwai totuwa, farin abin nan mai laushi da rashin nauyi da ke ciki. Akwai kuma gaɓa. Ban da waɗannan, a can sama inda zangarniya take akwai sille, siriri mai tsawo, wanda akan yi sandar tuƙa mota da shi ko abin da tayoyi za su juya a kai. Karan da ake bukata shi ne wanda ya bushe amma bai ƙeƙashe ba. Idan ɗanye ne totuwarsa za ta motse bayan kwana biyu aikin ya saki, idan kuwa ya sha rana da yawa ɓawon karyewa zai yi maimakon lanƙwasa.

Yaro yakan ɓare ɓawon da haƙori ko farce ko tsohuwar reza, ya tsattsaga shi ya zama tsinkaye, ya yayyanka totuwar gunduwa-gunduwa. Daga nan fasahar duka guda ɗaya ce: a soka tsinke cikin totuwa. Babu ƙusa, babu gam. Idan aka lanƙwasa tsinke aka soke bakinsa biyu cikin gunduwa ɗaya an sami zobe, zobe biyu da hannuwa biyu kuwa sun zama tabarau. Idan aka haɗa gunduwa huɗu da tsinke huɗu an sami gindin mota. Tayoyi akan fafe su daga sakaina ko tsohon silifa.

Wanda ya san tarihin makarantun ƙananan yara a Turai zai ga wani abu da ya sani a nan. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa irin wannan makaranta sunan da ake kiranta da shi a 1840, ya sanya cikin ayyukan yara haɗa siffofi da 'yan sanduna da wani irin wake da aka jiƙa ya yi laushi, ana soka sandunan cikin waken. Wannan shi ne tsinke da totuwa, ba ragi ba ƙari. Haka kuma sandunan da malamin firamare ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Cuisenaire, ya bayyana a 1952, masu tsawo daga santimita 1 zuwa 10, ba su wuce kara da aka yanka bisa ma'auni aka shafa masa launi ba. Har yau a Turai da Amurka, idan lokacin zubar ganye ya zo, wanda shi ne ya yi daidai da kakar Bahaushe, malamai sukan sa yara su tsinto ganyaye su manna a takarda suna ƙirgawa, ko su ƙirga 'ya'yan kabewa. Dabarar mai kyau ce, domin tana amfani da abin da ke zube a ƙofar gidan yaro a wannan lokaci. Abin takaici shi ne yadda littattafan da ke ɗauke da ita suke isowa wasu makarantun kuɗi na ƙasar nan yadda suke, a sa yaron Gusau ya ƙirga hoton ganyen itacen da bai taɓa gani ba, alhali kara yana jibge a bayan katangar makarantar.

3.0 Ƙirga da dami

Yaron da zai yi keji ba ya fara sokawa sai ya tara tsinkayen da yake bukata, kuma da yake iska tana watsa su, ƙannensa suna ɗiba, yakan ɗaure su. A nan malami zai shigo da sharaɗi ɗaya tak: kowane ɗauri ya zama goma cif, a kira shi dami, kamar yadda yaron ya ga ana ɗaure hatsi a gona. Daga nan adadin da ke bakinsa da abin da ke gabansa da abin da za a rubuta a allo sai su zama abu ɗaya:

(1) goma sha uku: dami ɗaya da tsinke uku: 13
(2) ashirin da uku: dami biyu da tsinke uku: 23
(3) talatin: dami uku, ba tsinke: 30

A misali na (1) Hausa ta yi wa yaro gata. Tana ambaton goma kafin uku, wato daidai da jerin alƙaluman daga hagu zuwa dama. Ingilishi kuwa a tsakanin 13 da 19 yana fara ambaton ƙaramin adadi ne, sannan kalmarsa ta 13 da ta 30 ba su da wani bambanci mai ƙarfi a kunnen yaron da bai saba da harshen ba. Yaro yana iya rera ƙirgar Ingilishi har ɗari da waƙa, a tafa masa, amma a ce ya miƙo tsinke goma sha uku ya tsaya yana kallon malami.

Duk da haka Hausa tana da nata ramukan guda biyu. Na farko shi ne jefar da goma a magana ta yau da kullum: sha ɗaya, sha biyu, sha biyar. Babba ya san goma tana nan a ɓoye, yaro ɗan shekara shida kuwa biyu kawai yake ji a cikin sha biyu. Don haka a matakin farko ya kamata malami ya riƙa faɗin adadin cikakke, yana ɗaga damin sa'ad da ya ce goma. Rami na biyu ya fi zurfi. Sunayen gomomi daga ashirin har casa'in duk aro ne daga Larabci, kuma ba abin da yake nuna wa yaro cewa akwai uku a cikin talatin ko biyar a cikin hamsin, sai fa wanda ya riga ya san ƙirgar Larabci. Kowace kalma haddace ta yake yi ita kaɗai. Tsofaffin littattafan nahawu da ƙamusoshi sun adana tsarin da Hausa take da shi kafin aron ya rinjaya, wato gomiya biyu, gomiya uku, gomiya huɗu. Ba ana cewa a kori ashirin da talatin ba, wannan ba mai yiwuwa ba ne, ba kuma abin so ba ne. Amma a matsayin gada ta 'yan makonni, dami uku, gomiya uku, talatin, tsohuwar kalmar tana yin aikin da ba wata sabuwar ƙirƙira da za ta yi shi.

Ƙirga ta rukuni-rukuni ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Heinrich Barth ya ga ana ƙirgar wuri a Tasawa a 1851, ya bayyana yadda masu ƙirgar suke jan su biyar-biyar suna tara su tsibi-tsibi na ɗari biyu ko na dubu, kuma ya kawo kalmar hauya, wato ashirin. Keso kuwa wuri 20,000 ne. Dami na goma-goma ƙaramin jikan wannan tsari ne.

Misali na (3) shi ne ƙofar shigar sifiri. Yaro ba ya ganin dalilin rubuta alama domin abin da babu shi, sai an nuna masa cewa idan aka rubuta 3 kaɗai ba wanda zai san dami uku ake nufi ko tsinke uku. Sifirin shi ne yake cewa gurbin tsinkaye fanko ne.

Akwai kuma wata hanyar faɗin adadi da ta cancanci a dakata a kanta, wato ta ragewa: ashirin ba ɗaya ko ashirin gaira ɗaya a madadin goma sha tara, ashirin ba biyu a madadin goma sha takwas. Masana Yarabanci sun san wannan tsari fiye da kowa, domin a harshensu ya game ƙirgar gaba ɗaya, har 15 ma ashirin ne da aka cire wa biyar. A Hausa bai yi wannan faɗi ba, yawanci a kan adadi biyun da ke gab da cikon goma yake tsayawa. Amma yaron da ya ji kakarsa ta ce ashirin ba biyu ya riga ya ji ɗebewa. Idan aka ce ya nuna shi da kara, dami biyu zai ajiye, sannan ya ga ba yadda zai cire biyu sai ya kwance ɗaya. Wannan kwancewa ita ce matakin da yake kayar da yara da yawa a lissafin ɗebewa. A ɗauki 32 a cire 7. Dami uku ne da tsinke biyu, bakwai ba za ta fita daga biyu ba. A kwance dami ɗaya, ya zama dami biyu da tsinke goma sha biyu. A cire bakwai, saura dami biyu da tsinke biyar, wato 25. Malamai da yawa suna kiran wannan mataki aro, suna bin kalmar Ingilishi. Fassarar ba ta yi ba. A hankalin yaro abin da aka ara mayar da shi ake yi, nan kuwa ba abin da za a mayar, ba kuma daga wurin wani aka karɓo ba. Kwance dami ya fi faɗin gaskiyar abin da ya faru, kishiyarsa kuma, wato ɗaure dami, ita ce abin da ake yi a tarawa idan tsinkaye suka cika goma.

4.0 Sau, raba da kasa

Kowace mota taya huɗu take ci. Yara uku da suka zauna ƙera mota za su ce a fafe tayoyi huɗu-huɗu, kuma kafin su gama sun san goma sha biyu suke nema. Maimaita adadi domin nuna rabon kowa, ɗai-ɗai, bibbiyu, uku-uku, huɗu-huɗu, wata kadara ce ta nahawun Hausa da Ingilishi ba shi da irinta a kalma ɗaya, kuma ita ce matakalar da take kai yaro ga ninkawa. Daga huɗu-huɗu har mota uku zuwa huɗu sau uku taku ɗaya ne.

A nan ma akwai tarkon fassara. A Hausa sau tana tafiya ne da adadin da ya biyo ta: ya zo sau uku. Saboda haka huɗu sau uku tana nufin huɗu, da huɗu, da huɗu, mota uku masu taya hurhuɗu. Jimlar Ingilishi da take da kalmomi a wannan jeri, bisa asalin ma'anarta, uku ce har sau huɗu, kamar a ce Keke Napep huɗu masu taya uku-uku. Amsar duka 12 ce, shi ya sa babba ba ya damuwa. Amma hoton da ke cikin kan yaro daban ne, kuma idan malami yana faɗin ɗaya yana zana ɗayan a allo, yaron da ya fi kowa lura shi ne zai fi rikicewa. Gara a bar wa Hausa jerinta, sannan a mayar da daidaituwar amsoshin biyu darasi mai zaman kansa: a jera tayoyin layi uku na hurhuɗu, a ce yaro ya zagaya ya dube su ta gefe, ya ga sun koma layi huɗu na uku-uku ba tare da an taɓa ko ɗaya ba.

Ta fuskar rabawa kuwa, Hausa ta bambance abu biyu da alamar lissafi ta haɗe. Idan yara uku suka sami tsinke goma sha biyu, raba su za su yi, kowa ya ga nawa ya samu. Idan kuwa tayoyi goma sha huɗu ne a ƙasa ana son a san mota nawa za su yi, kasa su za a yi huɗu-huɗu, kamar yadda mai tumatir yake kasa kayansa kashi-kashi a kasuwa, a ƙirga kashin. A na farko an san yawan masu karɓa ana neman rabon kowa, a na biyu an san girman kashi ana neman yawansa. Masana koyar da lissafi sun daɗe da sanin wannan bambanci, ga shi kuwa harshe ya ajiye wa kowanne aikatau nasa. Tayoyin nan goma sha huɗu za su ba da mota uku, saura biyu, kalmar saura kuma ba ta bukatar wani bayani. Abin lura ga masu rubuta littattafai kawai shi ne, da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, kasa ta kasuwa da kasa ta gazawa kamarsu ɗaya a takarda, sai a sanya kalmar cikin jimlar da za ta fayyace ta.

5.0 Awo da gutsure

Abu na farko da yaro yake ɗauka a matsayin ma'auni shi ne gaɓa, kuma nan da nan take ba shi kunya. Gaɓoɓin kara ba tsawonsu ɗaya ba, na gindi gajeru ne, suna ƙara tsawo ana yin sama. Sai ya koma ga jikinsa, kamar yadda manya suke yi: taƙi, kamu, taku, da gaba wadda ake auna zurfin rijiya da ita. Nan ma taƙin Audu bai kai na yayansa ba, idan su biyu suka yanka sandunan keji ɗaya kejin zai karkace. Maganin da yara suke samowa da kansu shi ne su yanka tsinke ɗaya su riƙa gwada sauran da shi. Wanda ya yi ganganci yana gwada kowane sabo da wanda ya gabace shi, maimakon na farkon, zai tarar na goma ya fi na ɗaya tsawo a fili, domin ɗan kuskuren kowane yanka ya hau kan na baya. Yaron da wannan ya taɓa samu ba ya bukatar dogon bayani a kan dalilin da ya sa duniya ta yarda da mita ɗaya.

Kalmar gaɓa kanta tana da fuska biyu. Tana nufin mahaɗa, tana kuma nufin tsakanin mahaɗa biyu, kamar a gaɓar rake. Idan malami ya ce a ƙirga gaɓoɓin kara, wani yaro zai ce biyar wani ya ce shida, kuma kowannensu yana da gaskiya. Maimakon a ɗauki wannan a matsayin aibi, ana iya mayar da shi darasi: kara da aka yanka a wuri huɗu gunduwa biyar yake bayarwa, gefen keji mai sanda goma tsakani tara gare shi. Manya ma suna faɗawa wannan rami wajen lissafin ginshiƙan danga. Ga mai koyar da rubutu kuma, gaba da gaɓa misali ne da ya zo har gida na aikin da lanƙwasar harafi take yi.

Rabi ita ce kalmar da ta fi kowace bukatar gyara. A bakin yara ana samun babban rabi da ƙaramin rabi, har a yi faɗa a kan wa zai ɗauki wanne. Ɓawon kara yana kashe wannan gardama, domin yana lanƙwasuwa: a haɗa bakinsa biyu, inda ya karye nan ne tsakiya, a ɗora gutsuren biyu a ga ba wanda ya fi. A sake ninkawa a sami rabin rabi, wanda kasuwa take kira kwata, malamai kuma rubu'i. Sauran sunayen, sulusi da humusi da sudusi da sumuni da ushiri, sun shigo ne ta hanyar karatun fiƙihu da rabon gado da hisabi, ilmin da ya yi zurfi a ƙasar nan har ya fitar da irin su Muhammadu al-Kashinawi, masanin hatimin lissafi da ya rasu a Alƙahira a 1741. Ba duka yaro yake bukata a aji biyu ba. Amma ushiri a lokacin kaka ganin ido yake yi mata, domin manomin da amfaninsa ya kai nisabi yakan ware dami ɗaya cikin kowane goma domin zakka, a gaban 'ya'yansa. Kashi ɗaya bisa goma ba zai taɓa samun misalin da ya fi wannan kusa da yaro ba.

6.0 Siffa

Gindin mota mai gunduwa huɗu da tsinke huɗu ba ya tsayawa, da an taɓa shi sai ya goce. Yara sun san maganinsa, wato a gicciya tsinke na biyar daga kusurwa zuwa kusurwa. Abin da suka yi shi ne sun mayar da murabba'i alwatika biyu, alwatika kuwa ba ta gocewa, shi ya sa kafinta yake cika rufin kwano da ita. Kalmomin suna nan: da'ira, murabba'i, kusurwa, da alwatika wadda maɗinka riga suka sani tun kafin a buɗe makarantar boko. Akwatin keji yana cin gunduwa 8 da tsinke 12, yana da fuska 6. Rufinsa mai kama da na ɗakin kwano yana cin gunduwa 6 da tsinke 9, fuska 5. A kowanne, idan aka tara gunduwa da fuska aka cire tsinke, 2 ce take saura, ƙa'idar da Leonhard Euler ya lura da ita a 1750. Wannan ba na 'yan aji ɗaya ba ne, amma ya nuna nisan da abin wasan yake iya kaiwa.

7.0 Abin da ke tsaye a hanya

A shekarun 1980 an wallafa jerin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya tara, Hausa na ciki, kuma aiki ne da ya cancanci yabo. Sai dai irin wannan aiki daga jerin kalmomin Ingilishi yake tashi, a nemo wa kowace abokiyar zama. Ta wannan hanya ba za a taɓa cin karo da kwance dami ba, ko bambancin raba da kasa, ko huɗu-huɗu, domin ba gurbinsu a jerin da aka fara da shi. Ana samun su ne idan mai bincike ya zauna kusa da yara suna aiki, ya rubuta abin da suke faɗa wa juna, a Sakkwato da Katsina da Zariya da Bauci da Damagaram, domin kowane karin harshe yana da abin da zai ƙara. Hanyar kuma ba ta Hausa kaɗai ba ce. A kudancin ƙasar nan yara suna yin irin wannan ƙira da totuwar gwangwala, suna ƙirga da tsinken tsintsiya, kuma masanin Ibo ko Efik ko Yarabanci da ya saurare su zai sami nasa kalmomin.

A aikace akwai wahalhalu da ba a raina su. Ɓawon kara yana da kaifi, yana yanka yatsa, reza kuwa ba abin sakar wa 'yan shekara shida ba ce a aji mai cunkoso. Ya fi dacewa 'yan aji biyar da shida su yi ɓara da yanka, ƙanana su yi ɗauri da soka. Motar kara a al'ada wasan maza ce, idan malami bai kula ba 'yan mata za su koma 'yan kallo, alhali gadon 'yar tsana da keji lissafinsu ɗaya da na mota. Sannan karan kansa ya yi daraja. Abin da a da ake bari a gona yanzu ɗaure shi ake yi a sayar wa masu dabbobi da masu girki, yaron birni kuwa sai ya girma bai riƙe shi ba.

Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne zangon farko na shekarar karatu, daga Satumba zuwa Disamba, ya faɗo daidai kan kaka, kuma a zangon ne 'yan aji ɗaya suke fara ƙirga. Aji guda ba ya bukatar abin da ya wuce 'yan dammai kaɗan, waɗanda iyaye manoma za su iya bayarwa idan shugaban makaranta ya roƙa tun kafin a kwashe gona ko a saki dabbobi a cikinta. Tsinkayen da aka ɗaure goma-goma, idan aka ajiye su a inuwa inda gara ba ta kaiwa, za su kai har zango na uku, lokacin da ake shiga ɗebewa mai bukatar a kwance dami.